IN MOTA TA ƘI TASHI, KADA A YI GAGGAWAR SAYEN BATIRI

Ga wani abin da ya faru a gabana a wani gari na jahar Tawa, cikin ɗarin watan Janairu. Motar wata ma'aikata ta ƙi tashi da safe, alhali ana jiranta ta kai ma'aikata ƙauye. Direba ya murɗa makulli, sai aka ji ƙas-ƙas-ƙas, shi ke nan. Ya ce batiri ya mutu. Aka rubuta takarda, shugaba ya sa hannu, aka sayo sabo. Bayan kwana huɗu motar ta sake tsayawa, wannan karon cikin daji, da dare. Da aka jawo ta gari, wani tsohon makanike ya buɗe murfin inji, ya danna ɗamarar robar da ke juya dinamo da babban yatsansa, sai ta lotsa. Ya ja ta, ya ɗaure, cikin minti biyar. Tsohon batirin da aka jefar, lafiyarsa lau. Kuɗin gwamnati kuwa sun tafi.

Abin da direban bai gane ba shi ne, batiri rumbu ne, ba gona ba. Ba ya haifar da wuta, ajiya kawai yake yi. Gonar ita ce dinamo, wanda inji ke juyawa ta hanyar wannan ɗamara. A motocin yanzu sunansa na gaskiya altarnater, amma bakin mutane ya saba da tsohon suna. In gona ba ta ba da hatsi ba, kome girman rumbu sai ya ƙare.

Saboda haka, farkon bincike da kunne da ido ake yinsa. A kunna fitilun gaba, sa'an nan a murɗa makulli. In haske ya dushe ƙwarai ko ya mutu, kuma inji yana juyawa da ƙyar ko ana jin ƙas-ƙas, to, wuta ce ba ta isa ba. In fitilu sun tsaya da haskensu amma babu abin da ya motsa, zargi ya koma kan na'urar tada inji, wadda makanikai ke kira demarer, ko kan wayoyinta. In kuwa inji yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, a bar batiri ya huta, a nemi laifi wajen mai ko buji.

Ko da an ga wuta ba ta isa ba, tukuna. A dubi kawunan batiri guda biyu. Sau da yawa za a tarar da wani farin gari ko shuɗi ya taru a kansu, ko kuwa a kama waya a ji tana lilo. Wannan kaɗai ya isa ya hana mota tashi. A cire waya mai alamar ragi da farko, sa'an nan mai alamar tarawa. Wajen mayarwa a fara da mai tarawa. A wanke da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa kaɗan a ciki, don kanwa tana kashe kaifin asid, a kankare, a ɗaure da kyau, a shafa ɗan giris. Sai dai a kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin batiri, gama zai lalata shi.

Daga nan sai ma'aunin wuta, wanda ya kamata kowace ma'aikata mai mota ta mallaka, tun da kuɗinsa bai kusa kai na batiri ba. Irin wannan batiri na darma da asid, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, kuma har yau shi ne ke tada yawancin motoci. Na ƙaramar mota ɗakuna 6 gare shi, kowane yana ba da wuta kimanin bolt 2,1. Ke nan in ya cika, inji kuma a kashe, ma'auni zai nuna wajen 12,6. In ya nuna 12,2, rabi ya rage. Ƙasa da 12, rumbu ya kusa zama fanko. Yanzu a tada inji, a sake aunawa: dinamo mai lafiya zai ɗaga lissafi zuwa tsakanin 13,5 da 14,5. In ya tsaya a 12 da ƴan kai, dinamo ba ya cikawa, kuma sabon batiri ba zai yi magani ba. In ya haura 15, yana dafa batirin ne. Akan ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Akwai kuma ƴar jar fitila mai siffar batiri a gaban direba. Aikinta ta kama in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi. In ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a dubi ɗamara. Na san direbobin da ke liƙa mata takarda don kada ta dame su!

Me ya sa batiri ba ya daɗewa a ƙasarmu? Mutane suna zargin sanyi, don cikin Disamba da Janairu motoci suka fi ƙin tashi, musamman masu shan gazuwal. Amma sanyi tona asiri kawai yake yi. Mai kisan shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40: ruwan batiri yana ƙafewa, darmar ciki tana cinyewa. Batirin da ke da marufai, a riƙa buɗewa ana dubawa. In ruwa ya sauka, a ƙara tataccen ruwan da ake sayarwa don wannan aiki. Ba a ƙara asid, ba a kuma zuba ruwan rijiya, don gishirin da ke cikinsa guba ne ga batiri. Zama ma yana kashe shi. Motar da aka jingine wata uku ana jiran taya, ranar da taya ta zo sai a tarar batiri ya tafi. Wadda kuma ke kwana lafiya ta wayi gari babu wuta, a cire mata waya mai alamar ragi da dare. In da safe an mayar ta tashi, to, akwai ɓarawon wuta a cikinta, rediyo ko wata waya da ta goge.

Wasu al'adu biyu na garaji ya kamata a bari. Ta farko, cire kan batiri inji yana aiki don a ga ko zai mutu. Tsofaffin motoci sun jure wannan, amma na yanzu suna da kwamfuta a ciki, kuma wutar da ta yi tsalle tana iya ƙone ta. Ta biyu, goga waya tsakanin kawunan batiri don a ga tartsatsi. Batiri yana fitar da wata iska mai kama wuta, yana iya fashewa ya watsa asid a ido. Kada a kusance shi da taba ko ashana.

In dole sai an ari wuta daga wata mota, a haɗa jar waya tarawa da tarawa. Baƙar waya a kama ta ga ragin batiri mai lafiya, ɗaya bakin kuma a kama shi ga ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta. Manyan motocin kaya da yawa bolt 24 suke aiki da shi, kada a ɗauki wannan wuta a ba ƙaramar mota. Turi yana tada mota mai giyar hannu, amma mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi. Kuma tashin ba warkewa ba ne: wanda aka tura a Tawa, kafin ya kama hanyar Agadas mai kimanin kilomita 400, ya biya garaji a auna masa dinamo.