Sayen tsohuwar motar gazuwal a PK5: Injin ake dubawa kafin fenti

A unguwar PK5, wato Kilomita Biyar, inda babbar kasuwar Bangui take, mota abin neman abinci ce. Hayis ɗin da ke jigilar fasinja, da Hilux ɗin da ke kai buhunan sukari da gishiri ƙauyuka, galibi tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai ko Dubai kafin su iso. Sau da yawa jarin shekaru mutum ke tattarawa, ko kuɗin adashi, ko ma kuɗin gado, ya saya. In aka yi dace, motar ta riƙe gida. In kuwa ba a yi ba, ta kwana a gareji wata da watanni, mai ita na biyan bashi.

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi ita ce: wannan injin zai iya da man da muke da shi, kuma bakaniken unguwa zai iya gyara shi?

Nisan teku

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku. Yawancin motoci da kayan gyara daga tashar Douala ta Kamaru suke zuwa, su tsallako iyaka ta Garoua-Boulaï da Béloko, su bi ta Bouar da Boali kafin Bangui, tafiyar fiye da kilomita 1,400. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, lokacin da 'yan tawayen CPC suka tare wannan hanya, manyan motoci sun yi makonni jibge a bakin iyaka, kaya suka yi tsada. Darasin da masu mota suka ɗauka shi ne, duk abin da sai an yi odarsa daga waje, wata rana zai iya ƙin zuwa.

Haka batun mai yake. Wani kaso ta kogin Ubangi yake shigowa lokacin da ruwa ya cika, a ajiye shi a ma'ajiyar Kolongo, sauran kuma ta hanyar mota. Bayan ƙarancin da aka sha a 2022, a watan Janairun 2023 farashin litar gazuwal ya tashi daga sefa 855 zuwa 1,450. Duk sanda gidajen mai suka bushe, jarka da kwalba ake komawa, kuma a nan ruwa da ƙasa da kananzir ke samun hanyar shiga tanki.

Tsohon injin ko na kwamfuta?

Wannan ne ya sa sabuwar mota ba lallai ta fi tsohuwa amfani ba. Tun daga 2009 zuwa 2011, dokar Turai ta Euro 5 ta sa aka riƙa sanya wa motocin gazuwal matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Da Euro 6 ta zo, da yawa suka ƙara da ruwan AdBlue. An ƙera su ne don man Turai mai tsabta, wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. In suka sha man da bai kai haka ba, matatar ta toshe, fitila ta kama a gaban direba, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi. Nozul ɗinsu kuwa ba ya jure ruwa ko datti ko kaɗan, kuma saiti ɗaya na iya cinye ribar watanni.

A ɗaya ɓangaren akwai tsofaffin injinan Toyota: 1HZ mai silinda shida da ke cikin Land Cruiser, wanda aka fara ƙerawa a 1990, da 3L da 5L na Hiace da Hilux. Ba su da gudu sosai, a kan tudu ma sai an yi haƙuri, amma suna jure wahala, kusan kowane bakanike ya san cikinsu, kuma ana samun kayansu sabo da na hannu. Injin 2KD na Hilux yana tsakiya: ya fi ƙarfi da tattalin mai, amma sai ka tsare masa filta mai kyau.

Don haka, kafin ka je wurin dillali, fara zagaya shagunan kayan gyara. Tambayi kuɗin nozul, da kuloci, da gaskit na motar da kake so. In aka ce maka sai an aiko daga Douala, ka sake tunani.

Ranar dubawa

Je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ku je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake, don injin da ya yi zafi yana ɓoye ciwo. A tayar da shi a gabanka. Baƙin hayaƙi yana nuna matsalar nozul ko filtar iska. Shuɗi na nufin yana shan baƙin mai. Farin da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama, wataƙila ruwa ne ke shiga ta gaskit.

Buɗe murfin baƙin mai injin na aiki. In hayaƙi na bugowa da ƙarfi, injin ya gaji. Duba lagireto tun kafin a tayar, ka ga ko akwai maiƙo a ruwan. Shiga ƙarƙashi ka duba shasi: motocin Turai kan zo da tsatsa saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma sabon baƙin fenti a ƙasa abin tuhuma ne. Kar ka yarda da lambar kilomita, ana juya ta. Dubi yadda sitiyari da kujerar direba da takalmin birki suka side. Tambayi yaushe aka canza taimin bel, in babu shaida ka sa kuɗin canzawa cikin ciniki.

Sannan a gwada ta da kaya, a kan tudu, da kuma hanya mai ramuka. Titin kwalta kaɗan ne a ƙasar. Mai zuwa Mbaïki ko Sibut da ƙaramar mota zai iya, amma mai wucewa Bambari da damina yana buƙatar mota mai tsayi da giyar taimako.

Takardu

Lambar shasi ta jikin mota dole ta zo daidai da ta kart giris da takardar duwan. Ƙasar ta sha rikici tun 2013, an sace motoci da yawa, don haka motar da ba ta da takardu cikakku, komai araharta, ka bar ta. Ka kuma lura da hannun tuƙi: a nan dama ake bi, mota mai sitiyari a dama tana wahalar da direba wajen wuce wata. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a faɗi la'adar dillali tun farko.

Shawara ta ƙarshe, kar ka zuba duk kuɗinka a saye. Ware wani abu don tayoyi, batir, sabon baƙin mai, da ƙarin filtar da ke raba ruwa da gazuwal. Hausawa suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a PK5 nagari shi ne wanda in ya lalace da safe, za a iya tayar da shi kafin la'asar.