Saukaka Bayanin Harhaɗa Linux: Abin Da Ya Shafi 'Yan Kasuwar Nguru Da Gashuwa

NGURU — A ran 27 ga watan Agusta na 1991 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno. Kwana biyu kafin wannan rana, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta wata manhajar kwamfuta don sha'awar kansa. Manhajar ita ce aka sa wa suna Linux, kuma a yau tana cikin aljihun dillalin ƙaro a Nguru da na mai sayar da bandar kifi a Gashuwa, ko da yake yawancinsu ba su taɓa jin sunanta ba.

Dalili kuwa shi ne, kowace wayar hannu mai amfani da Android, wato irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, a kan Linux aka gina ta. Haka nan da yawa daga cikin na'urorin POS da suka cika kasuwanni, musamman tun ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023. Saboda haka, duk abin da ya shafi yadda ake harhaɗa wannan manhaja da yadda ake bayyana aikin a rubuce, ya shafi jarin mutanen da ke saye da sayarwa da gyaran waɗannan na'urori.

Mece Ce Cibiyar Manhaja?

Abin da Torvalds ya rubuta shi ne ɓangaren da masana ke kira kanel, wato cibiyar manhaja. Ita ce ke tsakanin ƙarafan na'ura da sauran manhajojin da mutum ke taɓawa. Ita ke raba wa kowane aiki lokacinsa da wurin ajiyarsa, ita ke magana da allon waya da batir da kyamara ta hanyar ƙananan rubuce-rubucen da ake kira direbobi. Matsayinta kamar na sarkin tasha ne: ba shi ke tuƙa mota ba, amma babu motar da ke lodi sai da izninsa.

Fitowar farko ta watan Satumba na 1991 ba ta wuce layi kusan 10,000 na rubutu ba. Yanzu rubutun ya haura layi miliyan 30, kuma ana fitar da sabon zubi duk bayan mako tara zuwa goma. Tun 1992 aka sa ta a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karɓar rubutun kyauta, ya gyara, har ya yi kasuwanci da shi, bisa sharaɗin ya bayyana gyaran da ya yi ga wanda ya ba kayan. Daga watan Nuwamba na 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Sai dai rubutun kaɗai ba ya tafiyar da na'ura. Dole sai an harhaɗa shi, wato an zaɓi ɓangarorin da suka dace da na'urar da ke hannu, sannan wata manhaja ta juya su zuwa yaren da na'urar ke ganewa. A nan ne takardar bayani take shigowa. Kaya kyauta ne, amma wanda bai fahimci takardar ba, kamar wanda aka ba injin niƙa ne a warwatse cikin buhu.

Yadda Aka Yi Ta Gyaran Bayanin

A shekarun farko, duk bayanin yana cikin takarda guda mai suna README. Mai harhaɗawa zai ba da umarnin “make config”, daga nan kwamfuta ta shiga jero masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kuma in ya yi kuskure a tsakiya babu hanyar komawa baya, sai dai ya sake daga farko. Zuwa 1996, lokacin da zubi na 2.0 ya fito, an samar da “make menuconfig”, wanda ya shirya tambayoyin aji-aji a kan allo, mutum ya shiga inda yake so, ya fita, ya koma.

Wata dabara da aka ɗauka, wadda ba ta buƙaci wata fasaha ba sai tunanin halin mai karatu, ita ce a ƙarshen bayanin yawancin tambayoyin a rubuta amsar da ya kamata mutum ya bayar idan bai tabbata ba. Da yake zaɓuɓɓukan sun kai dubbai, wannan jimla guda ta tsamo mutane masu yawa daga ruɗani. Tsohuwar takardar ta kuma gargaɗi mai aiki da ya ajiye tsohuwar cibiyar da ke aiki, don ya sami abin komawa idan sabuwar ta ƙi tashi.

A zubi na 2.6, wanda ya fito cikin Disamba 2003, an soke wani mataki mai suna “make dep” da mutane ke yawan mantawa, aka kuma rage tulin rubutun da ke gudu a allo lokacin aiki, domin saƙon kuskure ya fito fili. A 2009 aka ƙara umarnin “make localmodconfig”, wanda ke duba direbobin da kwamfutar ke amfani da su a lokacin, ya zubar da sauran.

Babban garambawul ya zo a 2016, a ƙarƙashin Jonathan Corbet, mai kula da sashen bayanai na Linux. An bar tsohon tsarin rubutu mai suna DocBook, wanda ke da wuyar rubutawa da karantawa, aka koma wani mai suna Sphinx, inda rubutu guda zai karantu a yadda yake, kuma a iya juya shi ya zama shafin intanet ko littafi. A farkon 2017 aka ɗauke dogon bayanin harhaɗawa daga README aka kai shi sashen jagorar masu kula da na'ura, aka ware bayanin mai amfani dabam da na mai ƙira.

A 2023 kuma wani Bajamushe, Thorsten Leemhuis, ya rubuta jagorar harhaɗa taƙaitacciyar cibiya cikin hanzari. Ya kasa ta uku: taƙaitawa ga wanda ya riga ya san aikin, matakai ɗaya bayan ɗaya ga sabon shiga, da kuma sashen ƙarin bayani a can ƙarshe ga wanda ya ci karo da matsala. Ta fara da umartar mai aiki ya kwafe bayanansa ya ajiye, ta kuma nuna masa yadda zai cire sabuwar cibiyar in ya gama da ita.

Inda Ya Taɓa Aljihu

Ba kowane mai gyaran waya ne a Nguru ko Gashuwa ke harhaɗa cibiyar manhaja ba. Amma aikin da suke yi kullum, wato sake ɗora wa waya manhajarta, ɗan'uwan wancan ne, domin cibiyar tana cikin abin da suke ɗorawa. Wayoyi biyu na iya kama da juna a fuska alhali kayan cikinsu sun bambanta, kuma ɗora wa waya manhajar da ba tata ba na iya kashe ta. In haka ta faru, ko dai mai gyara ya biya, ko a ɗauki wayar zuwa Kano, ko mai ita ya yi asarar lambobin abokan cinikinsa. Akasarin bayanan wannan aiki da Turanci suke, yaran shago kuwa da kallo da haddacewa suke koya, ta yadda da zarar an canza samfuri sai hadda ta watse.

Sannan akwai batun tsofaffin kwamfutoci. A ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 na yau da kullum, kuma Windows 11 ba ta karɓar na'urori da yawa masu tsohon ƙira. Ire-iren waɗannan kwamfutoci na hannu ne ke shagunan buga takardu da wuraren cike fom na jarrabawa. Linux na iya ci gaba da tafiyar da su shekaru, muddin akwai wanda ya iya girka ta da kula da ita. Haka kuma, a tsohuwar kwamfuta harhaɗa cikakkiyar cibiya na iya cin sa'o'i, alhali taƙaitacciya ba ta kai haka ba ko kusa. A wurin da janareta ke ba da wuta, kuma man fetur ya yi tsada tun janye tallafi a watan Mayu na 2023, bambancin sa'o'in nan kuɗi ne.

Giɓin Harshe

An fassara wasu sassa na bayanan Linux zuwa harsunan Sinanci da Japananci da Koriyanci da Italiyanci da Sifaniyanci, kuma fassarorin suna zaune cikin rumbun manhajar kanta. Babu Hausa a cikinsu. Amma rubuta bayanin aiki da Hausa ba baƙon abu ba ne a Arewa. Hukumar NORLA da aka kafa a Zariya cikin shekarun 1950 ta buga ƙananan littattafai masu yawa lokacin Yaƙi da Jahilci, kuma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana shirya wa manoma bayanan aikin gona da Hausa.

Yankin ba ya rasa masu iya wannan aiki. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman a garin, ga kuma manyan makarantu a Nguru. Lasisin Linux bai hana kowa fassara ba, ba kuma a biyan kuɗin izni. Abin da ake buƙata shi ne haɗin kai tsakanin malaman kwamfuta da malaman Hausa da ƙungiyoyin masu gyaran waya, a daidaita kalmomi, a bar umarnin na'ura yadda yake, a fassara bayanin da ke kewaye da shi, sannan a gwada takardar a hannun yaron shago kafin a buga.

Ƙa'idojin da masu Linux suka ɗauki shekara fiye da 30 suna tacewa sun dace da kowane kayan da ɗan kasuwa ke shigowa da su, ko injin ban-ruwa ne na fadamun Haɗeja da Nguru ko kayan wutar sola. A sa mataki ɗaya a layi ɗaya. A faɗi gargaɗi kafin matakin da ke da haɗari. A nuna abin da za a yi in ba a tabbata ba, da hanyar komawa in aiki ya ɓaci. A raba bayanin sabon shiga da na gwani.

Tun da layin dogo ya iso daga Kano a 1930, Nguru ta ci ribar zama inda kaya ke sauka, daga gyaɗa da fatu zuwa ƙaro. Kayan yanzu suna zuwa da manhaja a cikinsu, kuma dillalin da ya haɗa su da takardar Hausa mai shafi ɗaya zai ga raguwar kayan da ake dawo masa da su.