Ko Kun Sani? Masallaci Mai Ƙubba 93

Masallacin Shah Jahan da ke garin Thatta, a lardin Sindh na Pakistan, yana da ƙubba 93, amma ba shi da hasumiya ko ɗaya! An soma gininsa a 1644, aka kammala mafi yawansa a 1647. Da jan bulo aka gina shi, aka ƙawata shi da tayil shuɗi da fari. Magina sun jera ƙubbobin ta yadda suke miƙa wa juna sauti, har muryar liman takan kai sahun ƙarshe ba tare da lasifika ba. Sarkin daular Mugal, Shah Jahan, ya gina shi ne don gode wa mutanen garin, waɗanda suka karɓe shi lokacin da ya yi wa mahaifinsa Jahangir tawaye.