Gudun Motsa Jiki a Adar: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ya Tabbata

A Keita, kamar a Buza da Madawa, gudu ba baƙon abu ba ne. 'Yan kokowa na gudu idan gasar Takobi ta ƙarato, gasar da aka fara a nan jihar Tawa a 1975. 'Yan ƙwallo na zagaya fili, masu neman shiga soja ko jandarma na gwada numfashinsu a bakin hanya. Sabon abu shi ne a ga malamin makaranta mai shekara 45, ko ɗan kasuwa mai tumbi, ko ma'aikaciyar gidan likita, sun fito bayan sallar asuba suna sassarfa ba don wata gasa ba, sai don an ce musu jini ya hau ko sukari ya yi yawa. Su ne ke shan maganganu: gwiwa za ta cinye, zuciya za ta buga, mahaifa za ta sauko. Abin da ke damuna shi ne, yawancin abin da ake tsoratar da su da shi ba ya cutarwa, abubuwan da ke iya kai mutum kushewa kuwa su ake yabawa, ana cewa jarumtaka ce.

Akwai wata magana ta dattawa da ke da ƙamshin gaskiya: wanda ke noma me zai yi da gudu? Manomin da ya wuni da hauya, da matar da ke ɗebo ruwa da itace tana hawa tudu da kaya a ka, sun riga sun wuce abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi, wato minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Matan da suka ɗauki duwatsu suka jera a gangaren tuddai lokacin aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda ya fara a 1984, ba su bukaci wani ya koya musu motsa jiki ba. Masu bukata su ne waɗanda rayuwa ta zaunar: mai shago, ma'aikacin ofis, ɗan kabu-kabu, da manomin da rani ya mayar mazaunin majalisar shayi.

Maganar da ta fi yawo ita ce gudu na cinye gwiwa, kuma bincike bai goyi bayanta ba. A 2017 wasu masana ƙashi suka tattara sakamakon bincike da aka yi kan mutane fiye da 100,000. Cikin masu gudun motsa jiki, kashi 3.5 cikin 100 ne ke da zaizayewar gaɓar gwiwa ko ƙugu. Cikin masu zaman wuri ɗaya, kashi 10.2. Sai a wajen 'yan gasa da suka daɗe suna gudu mai tsanani adadin ya kai 13.3. Dalili kuwa, guringuntsin gwiwa abu ne mai rai, kuma motsin gaɓa ne ke kai masa abincinsa.

To me ya sa sabon mai gudu ke yawan kukan gwiwa? Gaggawa. Zuciya da huhu kan saba cikin makonni kaɗan, amma jijiya da ƙashi sai sun ɗauki watanni. Mutum ya ji numfashi ya buɗe, sai ya ninka tafiyar, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. Nan ne ƙwauri da agara da tafin ƙafa ke fara magana. Ƙasarmu ma na ƙara nata: gangarowa daga tudu a kan tsakuwa ya fi hawa wahalar da gwiwa, kuma dutse ɗaya ya ishi mutum targaɗe. Shawarata ga mai farawa ita ce ya yi gudun minti 1, tafiyar minti 2, ya maimaita har minti 20 ko 30, kwana 3 a mako, da hutun yini a tsakani. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da maganarka ta yanke ba. Sannu ba ta hana zuwa. Tsamin jikin da ke zuwa washegari ya wuce cikin kwana 2 ko 3 ba ciwo ba ne, naman jiki ne ke sabawa. Amma zafi a wuri ɗaya bisa ƙashi, ko kumburi, ko ɗingishi, wannan a tsaya ne, ba a daure ba.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, kuma samari na son kafa hujja da shi. Su tuna cewa a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake ci, kuma bai yi gudunsa cikin tsidau da ƙaya da fasassun kwalabe ba. Kambas na gwanjo ya wadatar, in dai ƙasansa bai siɗe ba kuma akwai sararin yatsa ɗaya a gaban babban yatsa. Mai ciwon sukari kam kada ya kuskura ya fita ƙafa tsirara, don ƙaramin rauni a ƙafarsa kan zama babba.

Batun zuciya kuwa, rabinsa gaskiya ne. Ana samun mai faɗuwa ana cikin gudu, amma da wuya ƙwarai. Wani bincike da aka buga a 2012 ya duba mutum miliyan 10.9 da suka shiga gasar dogon gudu a Amurka daga 2000 zuwa 2010, aka samu 59 da zuciyarsu ta tsaya, kuma galibin waɗanda aka bincika suna da ciwon zuciya tun da farko. A ɗaya ɓangaren, binciken 2014 da ya bi mutum fiye da 55,000 na tsawon shekara 15 ya nuna haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya ya ragu da kashi 45 cikin 100 ga masu gudu, har da masu yin minti 5 zuwa 10 kacal a rana. Don haka ba gaskiya ba ne cewa in ba ka yi kilomita 10 ba ka yi aikin banza. Kilomita 42 da ɗoriya aikin irin su Abdou Manzo ne, da ya wakilci Nijar a Olamfik na 1988 da 1992 da 1996. Wanda ya haura 40 kuma yana da hawan jini ko sukari, ko yake jin nauyi a ƙirji in ya yi aiki, ko ya taɓa suma, ko aka yi mutuwar fuju'a ta matashi a danginsa, ya fara zuwa likita a duba shi. Kuma kada kowa ya ajiye maganin hawan jini wai don ya fara gudu. Likita ne ke rage magani, bayan awo.

Sukar da ake ji a haƙarƙari, wadda ake cewa saifa ce za ta fashe, yawanci ba komai ba ce. Cikakken ciki ne ke yawan jawo ta, kuma rage sauri da jan dogon numfashi na kawar da ita. A bar awa 2 tsakanin tuwo ko fura mai kauri da gudu. Inda ake tsoro shi ne wanda likita ya tabbatar saifarsa ta kumbura, abin da yawan zazzaɓin cizon sauro ke jawowa, da kuma mai sikila. Su kam sai da izinin likita.

Abin da ake faɗa wa mata ya fi ba ni takaici, domin su ne ke da ƙarancin damar motsa jiki da zarar sun bar aikin ƙauye sun zauna a gari. Gudu ba ya saukar da mahaifa, ba ya hana haihuwa, ba ya taɓa budurci. Ba mu kaɗai muka riƙe wannan camfi ba: irinsa na cikin abin da ya sa ba a bar mata sun yi gudun fanfalaki a Olamfik ba sai a 1984 a Los Angeles. Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a farkon 2007, ta ci gasar gudun fanfalaki ta New York a Nuwamban shekarar. Ta fuskar addini ma, ya zo a ruwayar Abu Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha. Abin da ke gaskiya shi ne, macen da ke gudu da yawa ba ta cin abin da ya isa tana iya ganin al'adarta ta ɗauke, kuma wannan alama ce ta yunwar jiki da ke bukatar gyara. Mai ƙarancin jini za ta riƙa haki da wuri, ita ma awo ya kamace ta. Mai ciki da mai jego su nemi shawarar ungozomar asibiti kafin su fara. Doguwar riga mara nauyi da wando da ɗan hijabi ba sa hana komai, kuma fita cikin rukuni na rage surutun mutane.

Yanzu ga inda haɗarin yake. A Afrilu da Mayu zafin Adar kan haura digiri 40, amma za ka ga saurayi ya naɗe ciki da leda, ya ɗora rigar sanyi, yana gudu da hantsi wai yana narkar da kitse. Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba. Nauyin da sikeli ya nuna ya ragu zai dawo da moɗa biyu ta ruwa. Ga lissafin gaskiya: mutum mai kilo 70 kan ƙona kalori kusan 350 a gudun kilomita 5, alhali kilo 1 na kitsen jiki na ɗauke da kusan 7,700. Wato sai ya yi irin wannan gudu sau 20 da wani abu, bai ƙara cin abinci ba. Tumbi na raguwa ne a hankali, tare da rage sukarin shayi da lemon kwalba da soye-soye. Ledar kuwa hana gumi bushewa take yi, kuma bushewar gumi ita ce hanyar da jiki ke huce kansa. A bazara lokacin gudu ɗaya ne, daga asuba zuwa fitowar rana, da riga mai shan iska. Wanda ya dawo daga tafiya ko ya daɗe bai yi ba, ya ba jikinsa kwana 10 zuwa 14 ya saba da zafin. A damina zafi kan sauka amma iska na da laima, gumi ba ya bushewa, ga macizai a hanyar gona da duku-duku. A hunturu, ranar da ƙura ta rufe tuddai gara a huta, musamman mai asma.

Haka nan cewa shan ruwa na kashe ƙarfin mai gudu, ko ruwan sanyi na sa zuciya ta tsaya, duk ba su da tushe. A busasshiyar iskarmu gumi na bushewa kafin a gan shi, mutum ya zubar da lita guda cikin awa bai sani ba. Ruwan randa ko na firji, duka lafiya lau. Ga gudun rabin awa, sha kafin fita da bayan dawowa ya isa. In ya zarce awa, a riƙe gora. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Sai dai ɗura ruwa ba ƙishi ma kuskure ne: a gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2002, cikin mutum 488 da aka auna, kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma yawan shan ruwa ne babban dalili. Bayan gumi mai yawa, abinci mai ɗan gishiri ko ruwan gishiri da sukari irin na masu zawo ya fi lemon ƙara kuzari amfani.

Abubuwa biyu kuma ina roƙon a yaƙe su a ko'ina aka ji su. Na farko, wai a yi gudu gumi ya fitar da masassara. Ƙwayar cutar cizon sauro cikin jini take, gumi ba ya fitar da ita, kuma gudu da zazzaɓi ƙara wa jiki wuta ne. Mai zazzaɓi gwaji da magani ne nasa, sai ya warke sarai ya dawo a hankali. Na biyu, tramol. Ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo da gajiya yake yi, su kuwa su ne ke gaya wa mutum ya tsaya. Yana jawo jiri da farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa bari, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa. Ko magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da ake saya hannun masu talla, haɗa su da zafi da ƙishirwa na iya lahanta ƙoda.

Azumi ba ya hana motsa jiki, lokaci ne ke canjawa. Mafi aminci shi ne bayan shan ruwa da awa 1 ko 2, ko bayan asham. Mai son yi kafin magariba ya taƙaita, ya sassauta, ya gama daidai kiran salla. Gudun safe da azumi a baki cikin bazara, da wuni guda ba ruwa a gaba, ba shawara ba ce.

Duk mai gudu a wannan yanki ya kamata ya san alamun bugun zafi, don abokinsa ko don kansa: ciwon kai mai tsanani, jiri, amai, tangaɗi, da maganar da ba ta kan hanya. Kada a jira gumi ya ɗauke, domin mutum na iya jiƙe sharkaf kuma yana cikin haɗari. In abokinka ya rikice ko ya faɗi, ka kai shi inuwa, ka cire masa kaya masu nauyi, ka kwarara masa ruwa mafi sanyi da ka samu daga wuya har ƙafa, ana yi masa fifita ba tsayawa. Masu cewa ruwan sanyi zai kashe shi kada a saurare su, jinkirin sanyaya shi ne ke kisa. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. A ci gaba da jiƙa shi har a kan hanya, a kai shi gidan likita mafi kusa ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi.