Taɓin hankali: kafin yaron rumfa ya koma kwana a bola

Babu kasuwar da ba ta da nata. Ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Katako ta Yamai, mun san mutumin nan mai tsumma da ke yawo yana surutu shi kaɗai, yara na binsa da jifa. Mun saba ganinsa har mun manta cewa wataƙila shi ma ya taɓa riƙe rumfa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan bayin Allah suna fama ne da cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, wata cuta ta ƙwaƙwalwa. A 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato kusan 1 cikin 300. Ta fi kama mutum daga ƙarshen samartaka zuwa shekara 30, kuma ta fi saurin bayyana ga maza. Akwai gado a cikinta, shan wiwi kuma yana ƙara haɗarin kamuwa.

Ba dare ɗaya take faɗa wa mutum ba. Yaron da maigida ya yarda da shi sai ya fara ɓata lissafi, ya daina barci, ya daina wanka, ya guji abokai. Daga baya sai ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke ji, suna zaginsa ko suna ba shi umarni. Sai ya ƙi abincin gida, wai an sa masa guba, ko ya rantse cewa maƙwabcin rumfa ne ya yi masa asiri.

To, a nan gizo ke saƙa. Zargin asiri ba baƙon abu ba ne a kasuwa, don haka sai dangi su gaskata shi. A ɓata da maƙwabci na shekara da shekaru, a kwashi jari a kai wa boka, wannan ya ce baƙin bunsuru, wancan ya ce sai an yi girka. In abu ya ƙi, sai mari da turu. Ba mu ce a bar addu'a ba, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma duk watan da aka ɓata, warkewa na ƙara wuya.

Magani akwai shi. Tun 1952 likitoci biyu na birnin Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin ƙwayar da aka sani da Largactil. A 1958 aka haɗa Haldol a Beljiyam. Suna rage muryoyin da zarge-zargen, amma sai an yi haƙurin makonni. A cewar OMS, aƙalla 1 cikin 3 na masu cutar na samun cikakken sauƙi. A Yamai, sashen Pavillon E na babban asibitin ƙasa ne ke kula da su. Wanda ke nesa ya fara da CSI mafi kusa, su za su tura shi gaba.

Maganin yana da nasa lahani. Yakan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba, barci ya yi yawa. In kun ga haka ku koma wa likita, zai rage ko ya canza, ko ya ƙara wata ƙwaya da ke gyara wannan. Kada ku tsayar da kanku. Abin da ya fi maido da cutar shi ne a ga mutum ya koma ciniki a ce ya warke, a ajiye ƙwaya. Ga wanda ke ƙin sha, akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Kuma kada a sayi irin waɗannan ƙwayoyi a tiren masu talla.

Ga iyayenmu mata muna da ƙarin magana. Mace 1 ko 2 cikin 1000 kan rikice a makonnin farko bayan haihuwa: ta kasa barci, ta yi ta sambatu, wani lokaci ta ƙi jaririnta. Wannan ba sikizofireniya ba ce, kuma yawanci tana warkewa sarai, sai dai ba ta jiran gobe. Kada a bar mai jegon ita kaɗai da jinjiri, a kai ta asibiti a ranar, tare da wadda ta ga yadda abin ya fara don ta yi wa likita bayani.