Babi na Tara: Intaferon da Ƙofar da Tilas a Rufe

A 1957, a birnin Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka lura cewa ƙwayar halittar da bairos ɗin mura ya taɓa tana fitar da wani sinadari da ke hana bairos yaɗuwa zuwa maƙwabtanta. Shi ne intaferon. Umarnin ƙera nau'insa na farko yana rubuce a kuromosom na 9, amma a kulle yake. Sai masu gadi irin su RIG-I da TLR7 sun ji ɗuriyar bairos, su tayar da sinadaran IRF3 da IRF7, sannan a buɗe. Wannan ɓangaren kowane littafi ya kawo shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rufewar. Mutanen Kwalkwalawa ba su manta da ambaliyar Satumbar 2010 ba, lokacin da kogin Rima ya cika ya batse har ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ruwan da masunta da manoman fadama ke ci da shi, shi ne ya cinye gonaki da ya wuce kima. Haka intaferon yake. Shi da kansa yake sa jiki ya ƙera sinadaran da za su taka masa birki, irin su SOCS1 da USP18. In birkin ya tsinke, garkuwa ta koma kan mai ita. Ana ganin alamar haka a jinin masu cutar lufus da yawa.

Saboda haka raina ke ɓaci in na ji masu tallar magani da lasifika a kasuwa suna ihun "ƙara garkuwar jiki". Ƙara ta zuwa ina? Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da mai mura ke kuka da su, yawanci aikin garkuwarsa ne. Masu ciwon hanta da aka yi wa allurar intaferon sun san haka, domin allurar kaɗai kan jawo musu masassara da kasala.

Ƙarancinsa ma bala'i ne. A 2020 ayarin Jean-Laurent Casanova ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa, jikinsu ne ke kashe intaferon ɗinsu.

Mai karatu, in mura ta kama ka, ka daina sayen kafson kashe bakteriya a kemis. Ba ya taɓa bairos, ko kaɗan.