Daga VIP zuwa Black Sherif: musun da ya ƙi ƙarewa a majalisun ataya

A Nima da Mamobi musu biyu ne ba sa ƙarewa a majalisun ataya, na ƙwallo da na waƙa. Na ƙwallo da sauƙi, alƙali na busa usur kowa ya san matsayinsa. Na waƙa kuwa babu alƙali. Tun da Black Sherif ya saki kundinsa na biyu, Iron Boy, a watan Afrilun 2025, musun ya sake zafi, kuma na lura shekaru ne ke raba mutane gida biyu.

'Yan shekara arba'in, irina ke nan, suna da amsa ɗaya: VIP. Ƙungiyar a Nima aka haife ta. Friction, Lazzy, Promzy, Prodigal da Bone suka fitar da kundinsu na farko a 1998, kuma da "Rana Sallah" muka fara jin Hausarmu ta Zango a rediyon Akra, yadda muke yin ta a lungu, ba gyara. Wanda bai rayu a lokacin ba da wuya ya gane nauyin abin. Sunan Nima bai cika fitowa a jarida ba sai an yi faɗa, ko ambaliya, ko 'yan sanda sun kai samame. Idan ka je neman aiki, sai ka ɗan yi shiru kafin ka faɗi unguwarku. Kwatsam ga yaranmu a talabijin suna kiran Nima da ƙarfi.

Bayan Friction da Bone sun fita, ukun da suka rage suka fito da Ahomka Womu a 2003. A 2004 suka zama gwarazan shekara a bikin karrama mawaƙan Gana, suka maimaita a 2011. Har Wizkid ya ɗebo daga wannan waƙa a "Manya" ta 2017. Magoya bayansu ba sa gajiya da tuna wa mutane wannan.

Na zauna da wani mai gyaran sifika a Zongo Lane, wurin da rabin masu kiɗan biki na Akra ke zuwa neman kayan gyara. A ganinsa, abin da aka rasa shi ne ƙungiya. Da mutum uku ko biyar ne a dandamali, kowa da bangarensa, kai ma a cikin abokanka ka san wanda kake kwaikwayo. Yanzu yaro ɗaya ne da waya da mai haɗa masa kiɗa. Ya ce ko VVIP da aka yi a 2014, bayan Promzy ya tafi Reggie Rockstone ya shigo, shi bai taɓa jin ta kamar ta da ba, duk da bai fasa zuwa Sallahfest ɗinsu a Nima ba.

Yaran shagonsa dariya suka yi. Su a wajensu Blacko ɗan Zango ne cikakke, Mohammed Ismail Sherif daga Konongo, kuma bai ɓoye ba, tunda a kundinsa na 2022 akwai waƙa mai suna "Konongo Zongo". Ya ci gwarzon shekara a 2023, ya kuma karɓo kyautar BET a Amurka a shekarar. Suka ce waƙoƙin yayyensu na rawa ne, nasu kuwa na mai fita da asuba neman na abinci ne. Gaskiya a nan ina tare da yaran. Wanda ya saurari "Second Sermon" da kunnen basira ba zai ce yaron bai san wahala ba.

Kuma kada mu manta an yi mana irin haka. Baffanninmu da suka ga Santana da Wilson Pickett a taron Soul to Soul a filin Black Star ranar 6 ga Maris 1971, suka tashi da jitar Osibisa, cewa suke hiplife surutu ne kawai. Malaman makarantar allo kuma duka biyun ba sa so.

Inda musun ke min ciwo shi ne harshe. Blacko da Turanci da Tiwi yake waƙa, kuma babu laifi, da su ya tashi. Amma ka je bikin aure a Mamobi ka saurara: Hausar da ke fita daga sifika ta Kano ce, Ali Jita, Nura M. Inuwa, "Jaruma" ta Hamisu Breaker. Ana rawa, ana liƙi, amarya na murna. Tamu Hausar ta Akra, wadda ta sha Ga da Tiwi har ta yi ɗanɗanonta, ba kasafai take kai wa rediyo ba yanzu. Yaran da ke rap da ita suna nan, ina ganinsu a TikTok, sai dai duk wanda ya fara samun suna a cikinsu, mai ba shi shawara zai ce ya rage Hausa idan yana son kasuwa.

Na tambayi ɗaya daga cikin yaran shagon ko ya san "Rana Sallah". Ya sani, duk Sallah ana sa ta a layinsu. Ya ɗauka waƙar gargajiya ce.